Injin yanka takarda: na yi katunan hunturu 40 da shi, ga yadda muka kwashe

Shekarata ta farko a Manchesta, wata safiya cikin Disamba, na sauko ƙasa na tarar da ambulan uku a bakin ƙofa, an zuro su ta kafar wasiƙa. Na ɗauka takardun kuɗin wuta ne. Ashe katunan gaisuwa ne daga maƙwabta, har da na wata tsohuwa da ke gida na biyu daga namu, wadda iyakar abin da ya taɓa haɗa mu shi ne ɗaga hannu in mun yi kiciɓis wajen fitar da shara. Kunya ta rufe ni. Mu da aka raine mu a kan cewa ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan, ga shi an aiko mana, mu ko sunayensu ba mu sani ba.

Tun daga nan nake mayar da biki duk shekara. Matsalata ɗaya da katunan kanti: sai na yi ta tona kwali kafin in sami wanda ya dace da ni, wato mai hoton hunturu da fatan alherin sabuwar shekara kawai, wanda zan sa hannu a kai hankalina kwance. Bara na ce bari in yi da kaina. Abin da ya kai ni ga sayen injin yanka takarda ke nan.

Duk wadda ta taɓa murza taliya a gida ta riga ta san wannan injin. Kamarsu ɗaya da injin taliyar murji: ƙarafa biyu masu juyawa, ɗaya bisa ɗaya, da mariƙi a gefe. Ranar da na ɗora shi a teburin kicin maigidan ya leƙo ya ce, "Uwargida, yau taliyar da manja za mu ci ko da takarda?" Bambancin dai shi ne, a nan abin da ake turawa jeri ne: allon roba mai kauri a ƙasa, sai takarda, sai ƙarfen yanka, sai wani allon a rufe. Ƙarfen yankan ɗan siririn faifai ne da aka fitar masa da siffa, tauraro ko barewa ko bishiya ko kalma. Bakinsa ba kaifi gare shi kamar reza ba, kina iya shafa shi da yatsa. Matsin ƙarafan nan biyu ne ke danna bakin ya huda takardar. An ce masu yin takalma ne suka fara wannan dabara a ƙarni na 19 don yanka fata iri ɗaya da yawa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wajen dukawa ya ga suna buga ƙarfe a kan fata don fitar da ado, zai gane dangantakar.

Sunayen da aka fi ji a wannan harka su ne Sizzix mai injin Big Shot, da Spellbinders. Akwai kuma Cricut, wanda shi na lantarki ne, daga waya ko kwamfuta ake ba shi zane ya yanka da ɗan wuƙarsa, ba ruwansa da ƙarfen yanka. Nawa na hannu ne, gwanjo na saye shi fam 35 wajen wata da ta gaji da shi, ba sai na kira sunan kamfanin ba. Faɗin bakinsa inci 6 ne, kusan santimita 15, kuma wannan ya ishi mai yin kati. Takardar A4 in aka raba ta biyu aka ninke kowane rabi, an sami kati biyu masu girman A6, milimita 105 da 148, waɗanda ke shiga ambulan C6 daidai wa daida.

Murzawar farko sai da gabana ya faɗi. Ina juya mariƙin sai na ji ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Na tsaya cak, na ce shi ke nan, fam 35 ta bi ruwa. Na ja baya na buɗe, allon bai fashe ba, sai dai shatin tauraro ya fito a jikinsa. Ashe haka abin yake: bakin ƙarfen ne ke ratsa takarda ya ciji allo. Da tafiya ta yi tafiya allon da ke karɓar yanka zai cika da zane-zane kamar katakon mahauci, kuma zai fara lanƙwasa. Maganinsa a riƙa juya shi, yau ciki gobe baya, a kuma ware allo ɗaya ya zama shi kaɗai ke shan yankan. Kayan ƙarewa ne kamar soson wanke-wanke, ki sa kuɗin sabo a lissafinki tun farko.

Manyan siffofi ba su ba ni wahala ko kaɗan ba. Bishiya, da'ira, ɗan gida mai bututun hayaƙi, murzawa ɗaya sun fito tsaf, gefensu a ɗan lanƙwashe sumul yadda almakashi ba zai taɓa yi ba. A nan injin ya burge ni, gaskiya. Na yanka bishiyoyi talatin cikin abin da bai kai lokacin dahuwar shinkafa ba, kuma ta talatin ɗin ba ta bambanta da ta farko ba.

Inda aka yi ta ta kare shi ne furen dusar ƙanƙara. Siffa ce mai rassa shida da ƙananan huji kamar leshi, ita ce kuma na fi so. Na yi arha na sayo tarin ƙarafa marasa suna ta intanet, guda ashirin a farashin da ake sayar da biyu masu kyau. Arha ba ta ado. Wasu sun yi aiki, amma furen nan sai gefe ɗaya ya yanku, tsakiyar ta ƙi. In kuma ya yanku sai ya maƙale cikin ƙarfen, in zauna da tsinken sakace ina zungurar ƙananan ramukan da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, ina gab da gamawa reshe guda ya tsinke. Dare biyu na yi ina wannan, har 'yar autata ta ce, "Umma, ki bar shi mana, ai ko Turawan ba sa ƙirga rassan."

Abubuwan da suka cece ni ba su da yawa, kuma duk a wahale na koye su. Matsin injin ya fi ƙarfi ta gefe-gefe, don haka siffa mai ƙananan huji a gefe ake ajiye ta, ba a tsakiyar allo ba. A murza gaba, a dawo baya, a juya ƙarfen kwata, a sake. In har yanzu da saura, a ƙara falle ɗaya na takarda a jerin don matsi ya ƙaru, amma falle ɗaya tak. In kika ji mariƙin ya ƙi juyawa kada ki yi masa ƙarfi, jerin ne ya yi kauri. Sai kuma takarda mai kakin zuma: a sa ta tsakanin ƙarfe da takardar da za a yanka, furen zai zame ya fito da kansa. Ana kuma kama ƙarfen da ɗan salatif marar danƙo sosai don kada ya goce. Na gwada da salatif na gama-gari sau ɗaya, ya ɗaye fuskar takardar gaba ɗaya.

Nauyin takarda ma magana ce. Wadda muke bugawa a ofis giram 80 ce (nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar ke nan, da shi ake auna kaurinta), ta yi laushi, yagewa take yi. Jikin kati yana son giram 250 zuwa 300 don ya tsaya da ƙafarsa a kan kanta, domin a nan ba a ɓoye kati a durowa, jera su ake yi a taga ko bisa murhu kowa ya gani. Amma fure mai huji ya fi fita a takarda mai matsakaicin nauyi, wajen giram 160 zuwa 200. Na so in yi komai da takarda ɗaya don tsimi, bai yiwu ba.

Daga baya na haƙura na sayi ƙarfen fure guda ɗaya mai kyau. Murzawa biyu ya fito cif. Da na sani, da ƙarafa huɗu kawai zan saya tun farko: fure, bishiya, da'ira, da kalmar gaisuwa. Katuna 40 ɗin nan kusan duk da su na yi su. Shuɗi mai duhu a baya, fararen furanni uku a sama, farar takarda da na yaga da hannu a ƙasa ta zama tudun ƙanƙara. Wanda ya fi kowanne kyau shi ne wanda na fi rage wa kaya.

Gam kuwa, a yi hattara. Na ruwa in ya yi yawa takarda kan kumbura ta yi tudu-tudu, kuma yana ɓullowa ta hujin furen ya bar tabo mai sheƙi. Ɗigo-ɗigo ake sawa da bakin tsinke, a ɗauki furen da hantsaki. Ƙyalƙyali ban ma bari ya shigo gidan ba. Na san halinsa tun zamanin katunan fatan nasara da muke aika wa juna lokacin jarabawar fita sakandare, mako guda kana ganinsa a goshin mutum. Ban da haka, katin da ke da shi ba ya shiga kwandon takardun da ake sake sarrafawa, kuma tun 2020 manyan kantuna irin su Morrisons da Waitrose da John Lewis suka cire shi daga kayan Kirsimetin da suke yi da sunansu.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi nawa ne ni kaɗai. Akwai 'yan ƙananan soso masu gam da ake sawa a bayan siffa ta ɗago daga jikin kati ta yi inuwa. Abin ya yi mini kyau, na yi ta ɗorawa hawa biyu, hawa uku, na ƙara da ɗan maɓalli a tsakiya. A ƙa'idar gidan wayan Ingila, wasiƙa ta gama-gari ba ta wuce kaurin milimita 5 da nauyin giram 100. In ta wuce ta zama babbar wasiƙa, kan sarkinta daban, kuma in ba a biya daidai ba wanda aka aika wa ne ake nema ya cika har da ƙari. Haka na aika wa wata ƙawata a Bamingam gaisuwar da sai da ta biya kuɗi kafin ta karɓa. Ta kira ni tana dariya: "Ƙawata, wannan gaisuwa ce ko tara?" Yanzu masu tudu na maƙwabta ne da abokan aiki, waɗanda zan miƙa da hannu. Masu bin gidan waya shafal nake yin su.

To, an yi tsimi? A'a. In na haɗa injin da ƙarafa da takardu da gam da allon da na sake, kowane kati ya fi na kanti tsada nesa ba kusa ba. Lokaci kuwa ba a magana, mako uku na yi. Abin dariyar shi ne, katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, a Landan a 1843, ana cewa don rage wahala aka yi shi. Henry Cole, wanda daga baya ya zama shugaban farko na gidan tarihin da yanzu ake kira Victoria and Albert, wasiƙun gaisuwa ne suka yi masa yawa, sai ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa kati ɗaya, aka buga 1,000, aka sayar da su sule ɗai-ɗai. Shekara uku ke nan bayan fitowar kan sarkin peni ɗaya a 1840, wanda ya sa aika wasiƙa ya zama abin kowa. Shi ya nemi hanyar gudun aiki, ni kuma bayan shekara 180 na sayi inji na jawo wa kaina.

Amma sai mutum ya zauna a ƙasar nan cikin Disamba zai gane abin da ya sa mata ke rungumar irin wannan sana'ar hannu. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, an yi magariba, an yi isha'i, an ci abinci, ka duba agogo ka ga ko bakwai ba ta yi ba. Ba tsakar gida, ba mai sallama, sai ruwa a jikin taga. A irin wannan dare, in zauna kusa da hita da kofin shayi ina murza mariƙi, yarinya na gefe tana ware furanni, ya fi mini latsa waya sau goma. Injin ba ya cin wuta, ba ya ƙara in ban da ƙas-ƙas ɗinsa, yaro ma na iya juya shi in babba na kusa. Nauyi dai gare shi, kuma yana cin wuri. Mai ciwon wuyan hannu ta yi tunani, domin bayan murzawa hamsin kafaɗa na sanar da ke.

Hukuncina: in katin shekara ɗaya kike so, ki je kanti ki huta. In kuwa hannunki na son aiki kuma kin san za ki ci gaba, ki nemi na gwanjo mai lafiya, ki gwada mariƙin a gaban mai shi, ki sayi sababbin alluna da ƙarafa kaɗan masu kyau. Ni abin da zai fanshi kuɗina shi ne Sallah. Na riga na samo ƙarfen jinjirin wata da na fitila, kuma da'irar nan da kalmomin ba ruwansu da wane biki ake yi.

Tsohuwar nan ita na yi wa na musamman, da ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da suke kira robin, wanda ba a raba shi da katunansu. Ita ta ba ni labarin cewa masu raba wasiƙu na zamanin Sarauniya Victoria jajayen riguna suke sawa, har ake yi musu laƙabi da sunan tsuntsun. Ta juya katin ta duba baya tana neman sunan kamfani, ba ta gani ba, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. An kwashe kayan biki a unguwar tun farkon Janairu, amma har cikin Fabrairu in na wuce ina hango shi a tagarta, reshe ɗaya na furen ya ɗan ɗago inda gam bai kama ba.