Kafin Ka Sayi Na'urar Wi-Fi a Ƙauye

Wani maƙwabcina mai shagon POS a nan ƙasar Ringim ya dawo daga Kano da rauta, wato na'urar raba Wi-Fi, mai eriya huɗu, sai ka ce ƙaguwa. Ya kunna, alamar Wi-Fi ta cika a wayarsa, amma ko hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Rautar kuwa lafiyarta lau. Wi-Fi hanya ce kawai tsakanin wayarka da na'urar, intanet ɗin daga ƙarfen sabis yake zuwa, ta layin da ka saka. Guga komai kyansa, sai da ruwa a rijiya.

Saboda haka tun kuɗinka na aljihu, ari layin MTN da Airtel da Glo ka gwada su a daidai inda za ka ajiye na'urar, musamman bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau.

In kai kaɗai ne, hotsfot na wayarka ya ishe ka, sai dai cin caji da zafi. MiFi kuma, wato 'yar ƙaramar rautar da ake saka wa layi, ga batirinta, ga shiga aljihu, tana ɗaukar waya kamar goma. Matsalarta ƙaramar eriya. A ɗakin laka mai kaurin bango da rufin kwano, sau da yawa sai ka rataye ta a taga.

Mai shago ko makaranta, rauta zan ba shi shawara, amma wadda ke da wurin jona eriyar waje. A ɗaura eriyar a dogon ƙarfe sama da rufi, a fuskantar da ita wajen ƙarfen sabis, sandar sabis ɗaya na iya komawa uku. Ka tuna yawancin rautocin nan ba su da batir, wutar bolt 12 suke so ba yankewa, wato sai da sola. Starlink ya shigo Najeriya a 2023, daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko sabis, sai dai kuɗin watansa ba na mutum ɗaya ba ne.

Rubutun jikin kwali shi ke yaudarar mutane. 5GHz daban, 5G daban. Na farko zangon Wi-Fi ne na cikin gida, ya fi 2.4GHz sauri amma bai kai shi ratsa bango ba, don haka a gidan laka 2.4 ne abokin tafiya. 5G kuwa sabis ne na kamfanin waya da MTN ya fara a 2022 a manyan birane. Inda 4G ma ke wuya, biyan kuɗinsa asara ce. Shi kuma 150Mbps da ake rubutawa, wato ma'aunin saurin intanet, iyakar ƙarfin na'urar ce, ba abin da za ka samu ba. Raba lambar gida takwas: 8Mbps na sauke megabait ɗaya (1MB) ne a daƙiƙa.

Ka tambayi mai kaya ko na'urar a kulle take da kamfani ɗaya, ka sa ya gwada ta da layi biyu a gabanka. In ka iso gida, canza lambar sirrin da ke manne a gindinta, domin yaran unguwa sun san inda ake leƙawa.