Ɗan kebul ɗin OTG da ya ceto min hotunan Hajiyarmu

Salam jama'a. Wata uku kenan ina amfani da wani ɗan kebul na OTG mai bakin Type-C, wato wanda ake jona filash ko linzami a wajen cajin waya da shi, shi ne na ce bari in faɗi abin da na gani, don wallahi mutane da yawa suna ganinsa a rataye a shagunan Farm Centre nan Kano suna wucewa, ba su san irin aikin da yake yi ba.

Yadda aka yi na saya, wayata ce ta faɗo daga kan mashin, sikirin ya tsage, yana kawo haske ana ganin komai amma ko ka danna ba ya ji. A cikinta akwai hotunan Hajiyarmu, Allah ya jiƙanta, da muryoyin da take turo min, kuma ban ajiye su a ko'ina ba. Hankalina ya tashi sosai. Wani mai gyara ne ya ce min yallaɓai kafin a canza sikirin mu fara kwashe kayanka, ya ɗauko ɗan kebul ɗin nan da bai kai tsawon yatsa biyu ba, ya soka a wajen caji, ya jona linzamin kwamfuta a ɗaya bakin, sai ga 'yar kibiya ta fito tana yawo a kan fasasshen gilashin, da ita na danna lambobin sirrina wayar ta buɗe. Na daɗe ina kallon abin nan ban ce komai ba.

Abin da OTG yake yi shi ne ya mayar da wayarka uwa, wato ita ke ba wa na'urar da ka jona wuta tana karanta ta, kamar yadda kwamfuta ke yi. Filash, kibod, linzami, abin karanta memori, duk na gwada sun yi. Yanzu karatun tafsiri da hotunan yara filash nake juyewa kai tsaye, ba data ba neman kwamfutar wani. Wanda ya riski zamanin tura fayil ta infrared zai gane daɗin wannan, lokacin Nokia 6610 da 6600 sai ka haɗa wayoyi biyu baki da baki a kan tabarma, tazara kar ta wuce mita 1, kuma wani ya gitta ko hannunka ya motsa shikenan a sake daga farko, hoto guda ɗaya fa. Infrared ɗin da ke saman wasu Redmi yanzu na rimot ne kawai, talabijin da AC, ba ya tura fayil, kar wani ya ruɗe ka.

Amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Na farko da na saya irin dunƙulallen nan ne marar waya kuma marar suna, filash na rataye a jikinsa yana rinjayar bakin caji, sati biyu ya fara rawa yana yankewa ana tsakiyar kwafi. Don Allah ku sayi mai 'yar waya a tsakani, ya fi tausaya wa bakin cajin. Sannan yana shan batir tunda daga wayar yake jan wuta, kuma irin nawa ba ka caji yana jone. Babban hard disk na kwamfuta kuwa wayata ta kasa tayar da shi, sai dai ka ji yana ƙis ƙis.

In ka jona ka ga shiru kar ka yi saurin cewa jabu ne, wasu wayoyin kamar Oppo sai ka shiga setin ka kunna OTG da kanka, kuma in ya yi minti 10 ba a amfani da shi yana kashe kansa. Filash ɗin da aka yi wa format da tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce 4GB, wannan ba laifin kebul ba ne. Ka leƙa cikin bakin da ake soka filash, shuɗi yawanci USB 3.0 ne, ya fi sauri in wayarka na ɗauka. Ka tafi da filash ɗinka shagon a gwada a gabanka kafin ka biya.

Nawa yana cikin aljihun jakata tare da filash ɗin Hajiya, na kuma sayo wa ƙanwata guda ɗaya ta kwafi nata.