Irin gyaɗa SAMNUT 24, abin da na gani a gona

Jama'a masu tambayata kan SAMNUT 24, gaskiya irin nan ya ci kuɗinsa. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ne suka fitar da shi a 2011 tare da ICRISAT, cibiyar duniya mai binciken amfanin gona na yankunan da ke da ƙarancin ruwa, kuma wajen saurin nuna ba ƙarya, kwana 80 zuwa 90 ka cire abarka, ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ka tashi a tutar babu ba. Amma ni abin da ya fi kwantar min da rai shi ne kuturtar gyaɗa, cutar nan da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ke yaɗawa, ganye ya ƙanƙance ya yi ɗorawa-ɗorawa gindi ya tsugune ba 'ya'ya, ita ce fa ta cinye gonakin Arewa a 1975 har dattawa suke ba da labari, to wannan irin yana jure mata sosai, maƙwabcina da ya shuka tsohon iri kunya ɗaya ce tsakaninmu amma bambancin ko daga bakin hanya kana gani.

Mai kuwa ba a magana, matan da ke ƙuli-ƙuli a unguwarmu ita suke fara nema, tun wajen murzawa man ke tasowa. Harawa ma dabbobi sun ci.

Wasu na cewa wai GMO ce, wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, wallahi ba haka ba ne, auren iri ne kawai tsakanin gyaɗa da gyaɗa. Kuma aikin fitar da sabon iri ya ƙara sauƙi yanzu, tunda a 2019 masana suka gama karanta ƙwayoyin halittar gyaɗa kaf, ɗan ganye za a yanka a kai lab a gane ko tsiron ya gaji halin da ake so, ba sai an jira damina bayan damina ba. Da irin wannan gwajin ganye Indiya suka samu irin gyaɗa Girnar 4 da Girnar 5 masu man da ba ya saurin ɓaci, irin wannan nake fatan ya iso hannun manomanmu.

Hattara biyu dai. In ta nuna kar ka yi sanya, ruwa ya sake dukanta tsira take a ƙasa. Sannan ku nemi buhu mai tambarin NASC, hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, wani dila ya taɓa auna min gauraye da sunanta, rabi ta nuna rabi ɗanya shar, don Allah ku daina sayen iri a tiya.