Kwamfutar da aka sabunta: an gyara jiki, an bar tsohon batir

Ina cikin masu ganin babu abin kunya a sayen kayan lantarki da aka sabunta, wato waɗanda aka taɓa amfani da su aka gyara don sake sayarwa, domin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta tara tan miliyan 62 na tarkacen irin waɗannan kaya, kuma abin da aka sake sarrafawa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da wannan ra'ayi na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka wadda mai sayarwa ya sa a daraja ta ɗaya, kuma da farko ta burge ni ƙwarai. Babu ko ƙwarzane a murfinta, an sa mata sabuwar ma'ajiyar SSD, tana tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Batir ne ya tona asiri. Ina tsakiyar haɗa rahoton aiki, alamar caji tana nuna saura kusan rabi, sai allo ya yi baƙi ƙirin ba tare da wani gargaɗi ba, abin da na rubuta ya bi ruwa. Da na fitar da bayanin batir daga Windows, sai na ga cajin da yake iya riƙewa bai kai rabin wanda aka ƙera shi da shi ba. Kowa ya san batirin litiyam yana gajiya da yawan caji, shi ya sa da yawa daga cikin masu sabuntawa na ƙwarai ba sa sayar da na'urar da batirinta ya gaza kashi 80 cikin ɗari. Da na kai kuka, amsar da na samu ita ce: "Yallaɓai, ai garantin bai shafi batir ba." Haka kuwa aka rubuta, can ƙasan takarda, da ƙananan haruffan da sai mutum ya ƙura ido.

Na sayi sabon batir da kuɗina, kuma ba zan ɓoye ba, tun daga lokacin tana aiki lafiya lau, har na fara hucewa. Sai kuma na gano cewa ƙwaƙwalwarta, wato processor, ƙirar kamfanin Intel ce zubi na bakwai, wadda ba ta cikin jerin da Windows 11 ke karɓa, alhali tallafin Windows 10, wato gyare-gyaren tsaro da ake aiko masa, ya ƙare tun Oktoban 2025. Mai sana'ar sabunta kwamfuta ba zai ce bai san wannan ba, amma ko kalma ɗaya bai saka a tallarsa ba. Zan iya sake sayen wadda aka sabunta, sai dai ba a hannunsa ba, kuma sai na ga bayanin batir da idona kafin in biya.