Faifan Peltier ko gajeriyar fanka mai bututun jan ƙarfe?

Ɗan uwa, ka ce akwatin kwamfutarka ƙarami ne, babbar fanka ba ta shiga, furosesarka kuma mai wat 65 ce, shi ne kake tunanin ko faifan Peltier zai fisshe ka tunda siriri ne. Ni dai ba zan ba ka shawararsa ba.

Faifan ya samo sunansa daga Jean Peltier, Bafaranshen da ya gano a 1834 cewa wutar lantarki na iya janye zafi daga wani gefe ta kai shi wani. Wanda aka fi samu, TEC1-12706, milimita 40 ne tsawo da faɗi, kaurinsa wajen 4, yana aiki da bolt 12. Ka jona shi ka ɗora yatsa, nan da nan za ka ji fuska ɗaya ta ɗau sanyi, kuma wannan sanyin ne ke ruɗin mutane. Ka juya shi kuwa, ɗaya fuskar sai ta ƙona ka. Zafin bai tafi ko'ina ba, an dai tura shi baya, ga kuma wanda faifan ya haifar da kansa, don shi ma yana shan wuta wajen wat 50 zuwa 60. Ka ga ke nan maimakon wat 65, sai ka fitar da fiye da 110 daga akwatin da tun farko iska ba ta wadace shi ba.

Abin ma bai tsaya nan ba. Iyakar zafin da wannan faifai zai iya ja bai wuce wajen wat 60 ba, shi ma sai in fuskokin biyu ɗuminsu ɗaya. Da furosesa ta kama aiki sosai za ta fi ƙarfinsa, ya koma kamar bargo tsakaninta da ƙarfen sanyaya. In kuma ta yi shiru ba aiki, sanyin na iya yin yawa har raɓa ta taru a gefen soket, wato gurbin da furosesa ke zama, ruwa a kan babban allon da kayan kwamfutar ke kai (motherboard) kuwa ka san ƙarshensa. Shi ya sa da Intel ta fito da tsarinta na Cryo a 2020, wanda Cooler Master ya yi na'ura a kai, sai da aka haɗa faifan da lagireto mai fanka uku da na'urar auna laimar iska. Ina maganar ƙanƙanta a nan?

Bututun jan ƙarfe aikinsa daban. Akwai ɗan ruwa a rufe a ciki, an zuƙe iskar. Zafin furosesa na mai da shi tururi, tururin ya gudu can wajen fikafikan alminiyam ya huce, ya dawo ruwa ta jikin bangon bututun. Ba ya shan wuta, sai fankar da ke kansa, wat 1 ko 2. Gaskiya ne ba zai taɓa sauko da furosesa ƙasa da ɗumin ɗaki ba, kuma ƙaramar fanka tana da ƙara in ta wahala. Amma furosesa ba ta neman sanyin firji, digiri 70 zuwa 80 lokacin aiki mai nauyi ba ya cutar da ita.

Ka auna tazarar da ke tsakanin furosesa da murfin akwatin tukuna. Gajeren masanyayi mai bututun jan ƙarfe irin Noctua NH-L9i, misali, tsayinsa milimita 37 ne har da fankarsa mai faɗin 92, sai dai ka duba ya dace da soket ɗinka. Ka goge tsohon man furosesa ka shafa sabo, ka bar wa iska mafita. In har yanzu zafi na damunka, shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka rage iyakar wutar furosesar zuwa wajen wat 45. Saurin da za ka rasa kaɗan ne a aikin yau da kullum, fankar kuma za ta rage ƙara.