Kayan gyaran tsohon injin girbi: na Suame, na hannu, ko na oda?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadamar Fumbisi da ke arewacin Ghana cikin watan Nuwamba, shinkafa ta nuna, hunturu ya busar da ita tana zuba ƙasa, injin girbi kuma ya tsaya cik saboda boris guda ɗaya, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da shaf ke juyawa a cikinsa, ya san zafin abin. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Kumasi da ke kai inji arewa aikin haya tsofaffi suke riƙe da su: Claas Dominator na Jamus, John Deere, Massey Ferguson, ko Kubota DC-70 mai tafiya a kan sarƙar roba. Ƙarfensu na da kyau. Wahalar tana wajen sanin inda za a sayi kowane abu, domin kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki hanya ɗaya ya bi ta a kan komai.

Mu fara da boris, tunda shi ya fi cin kuɗin mutane a banza. Yawancin boris ɗin da ke jikin injin girbi ba kamfanin injin ne ya ƙera su ba, lamba ce ta duniya gaba ɗaya. 6205 raminsa milimita 25 ne, 6206 kuma 30, ko a ina ka saya. Idan ka ga 2RS a bayan lambar, ana nufin roba ta rufe gefe biyu, kuma shi ya dace da inda ƙura da ƙaiƙayi ke tashi. Saboda haka ba sai ka yi odarsa da sunan Claas ka biya kuɗin kwali ba. Cire tsohon, goge shi, karanta lambar, ka shiga Magazin ta Suame, babbar unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara a Kumasi, da shi a hannu. Sai dai jabu ya yi yawa, har da masu ɗauke da sunan manyan kamfanonin boris irin su SKF ko NSK. Na taɓa ce wa wani mai shago, "Maigida, wannan na gaske ne?" Ya ce, "Alhaji, akwai na gaske a ciki, amma kuɗinsa daban." Tun daga ranar nake tambaya kafin a miƙo. Boris ɗin da zai zauna can ciki, inda sai an kwance rabin inji kafin a kai gare shi, sayi mai tsadar. Boris na hannu kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Bel da sarƙa ma da awo ake sayensu. Ƙananan bel ana samu a gari, amma babban bel mai canza gudun gangar sussuka, na asali ko na kamfani sananne kawai nake yarda da shi, don na banza yakan miƙe cikin 'yan kwanaki.

Kayan hannu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira hom-yus, sun fi amfani a manyan ƙarafa: giyabos, kan inji, fuli, lagireto. Idan injinka Perkins ne ka yi sa'a, domin irinsa ne a cikin taraktocin Massey Ferguson da suka cika ƙasar nan, fistin da zobe da filta ba sa wuya. Abossey Okai ta Accra kasuwar kayan mota ce, can za ka iya dacewa da kayan lantarki da na dizal, amma ban da kayan sussuka.

Masu walda da masu juya ƙarfe na Suame na ba su girmansu. Za su yi maka shaf, bushin, murfi, su lanƙwasa faranti su like bututun hatsin da ya huje, da araha, cikin kwana ɗaya ko biyu. Inda nake ja da baya shi ne gangar sussuka. Tana juyawa sau ɗaruruwa a minti guda, kuma idan aka sa mata sanda ɗaya da ta fi 'yar'uwarta nauyi, girgizar za ta cinye boris, ta tsaga jikin injin. Sandunan ganga a saye su saiti, a canza waɗanda ke fuskantar juna tare. Haƙoran wuƙar da ke yankan shinkafa kuma na kasuwa masu kyau sun wadatar, kwali guda ba zai yi yawa ba.

Oda daga waje sai ga abin da babu madadinsa, kamar famfon haidurolik ko sarƙar robar Kubota. Kafin ka tura ko sidi ɗaya, ɗauki hoton farantin lambar injin ka aika, domin samfuri ɗaya yakan bambanta daga shekara zuwa shekara. Kayan da za su biyo jirgin ruwa ta Tema suna ɗaukar makonni, don haka tun watan Yuni ko Yuli ya kamata makanikenka ya kwance injin ya rubuta abin da ya gaji. A lokacin ne kuma za ku ga wayoyin da ɓeraye suka ci, idan bara an ajiye shi da sauran shinkafa a ciki.