Hattara da masu tallar "maganin yoyon kwano"

Jama'a, ina jan hankalinku kan wasu da ke tallar wani ruwa a bokiti, wai shafa ɗaya ta raba rufin kwano da yoyo har shekara 10. Ni sun ci kuɗina, shi ya sa nake wannan magana.

A bidiyonsu za ku ga an shafa wa rariya, an cika ta da ruwa, ko ɗigo babu. To rariya ba ta wuni a rana. Kwano kuwa da zafi yana miƙewa, da sanyin dare ya tsuke, kullum haka, saboda haka duk abin da ya sandare a kansa sai ya tsattsage.

Wanda ya zo mini bai ko tambayi inda ruwan ke zuba ba. Ya karɓi kafin alƙalami, ya hau da burushi, ya shafe kan tsatsa da ƙura yadda ya same su. Da rani ne, ba halin gwadawa. Ruwan farko da ya sauka, silin ya jiƙe fiye da da, abin da ya shafa yana ɓarewa kamar ɓawo, lambarsa kuma a kashe. Kafintan da ya duba daga baya ya ce fenti ne kawai aka tsinka.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gyaran gaskiyar ba wani babba ba ne. Yawancin yoyo daga bakin ƙusa yake, inda robar ta mutu ko ƙusar ta saki, sai mahaɗar kwano biyu, da kan tsaiko. Ruwan ma yakan shiga a wani wuri, ya bi katako, ya ɗigo a wani wurin. Sai an gano ƙofar, an kankare tsatsa, wurin ya bushe, an sake ƙusa da roba, sannan a sa abin liƙi. Shi ma a kula: silikon mai warin ruwan khal yana cin jikin kwano, akwai marar wannan wari da aka yi don ƙarfe. Kwanon da tsatsa ta riga ta huda kuwa, canji kawai yake so.

Don Allah kada ku biya kowa sai an watsa ruwa a rufin, daga ƙasa ana hawa sama, wani yana ciki yana kallon silin.